Kakar farko: Me ya sa ba a gaggawar yanke wa sabon ɗan ƙwallo hukunci?

A duk lokacin da aka buɗe sabuwar kakar wasa, akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo, tun daga Yangoji da ke Ƙaramar Hukumar Kwali a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, har zuwa Ƙofar Mata a birnin Kano. Muhawarar ita ce ta sabon yaro: wanda aka ɗauko daga makarantar koyon ƙwallo ko daga ƙaramar ƙungiya, aka sa masa rigar ƙwararru a karon farko. Kafin ya buga wasa biyar an riga an raba shi gida biyu. Wasu sun ce tauraro ne, wasu sun ce asarar kuɗi aka yi. Masu wannan hukunci sukan kafa hujja da karin maganar nan da ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tarihin 'yan wasan Najeriya na shekaru ashirin da suka wuce bai goyi bayan wannan karin magana ba. Abin da ya nuna shi ne, kakar farko ta fi bayyana halin ƙungiyar da yaro ya faɗa da nauyin gurbin da aka ba shi, fiye da yadda take bayyana iyakar baiwarsa. Batun ya wuce hirar 'yan kallo, domin a kan irin wannan hukunci ƙungiyoyi ke sallamar yara, iyaye ke sayar da gona don biyan dillali, matasa kuma ke ajiye karatu.

Yara huɗu, makoma huɗu

Misalin da ya fi kusa da zukatan magoya baya a Arewa shi ne na Ahmed Musa. A kakar 2009/2010, yana ɗan shekara 17, ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a gasar Firimiyar Najeriya, adadin da babu wanda ya taɓa kai wa a kaka guda kafin lokacin. Sai dai abin da ake yawan mantawa shi ne, ba a Kano ya fara karawa da manya ba. Ya riga ya yi zaman aro a ƙungiyar JUTH ta Jos, inda ya ɗanɗani irin gogayyar da ke jiran sa. Daga Kano ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan a 2010, ƙungiya mai matsakaicin ƙarfi wadda ta ba shi damar buga wasa a kai a kai, sannan ya koma CSKA Moscow a farkon 2012, inda ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku. Mataki-mataki ya hau.

Victor Osimhen ya bi wata hanyar dabam. A Gasar Cin Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Chile a 2015 ya ci ƙwallo 10, Najeriya kuma ta ɗauki kofin. A farkon 2017 ya isa Wolfsburg ta Jamus, ya yi shekara ɗaya da rabi bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, ga rauni a kafaɗa, ga zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi. Da a kan wannan lokaci za a auna shi, da an rufe littafinsa. Amma da aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam a 2018, sai ya ci ƙwallo 20 a kaka guda. Daga nan sai Lille ta Faransa, sai Napoli ta Italiya, inda ya ci ƙwallo 26 a gasar Serie A ta 2022/2023, ƙungiyar ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1990. A ƙarshen 2023 aka naɗa shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka.

Akwai kuma waɗanda suka fara da haske, amma hasken bai kai inda aka zata ba. Macauley Chrisantus, haifaffen Abuja, shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2007 a Koriya ta Kudu, da ƙwallo bakwai. Hamburg ta Jamus ta ɗauke shi, amma bai samu gurbi a babbar tawagarta ba, ya yi ta zaman aro, daga bisani ya zagaya ƙungiyoyi a ƙasashe da dama. Sani Emmanuel ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa a gasar 2009 da Najeriya ta karɓi baƙunci, ya kuma tafi Lazio ta Italiya, inda bai samu gindin zama ba. A wasan ƙarshe na wannan gasa, a babban filin wasa na Abuja, Suwizalan ce ta doke Najeriya da ci ɗaya da nema. A cikin yaran Suwizalan na ranar akwai Granit Xhaka da Ricardo Rodríguez, waɗanda suka shafe fiye da shekara goma suna wakiltar babbar tawagar ƙasarsu.

Dukkan waɗannan yara huɗu na Najeriya suna da baiwa. Bambancinsu ya samo asali ne daga abin da suka tarar a shekarun farko na aikin ƙwararru.

Abin da ke sauyawa idan an shiga sahun manya

Abu na farko shi ne lokaci. A wasan matasa, yaron da ya fi tsararsa gudu ko ƙarfi yakan samu sararin tare ƙwallo, ya ɗaga kai, ya yi shawara. A wasan ƙwararru wannan sarari ba ya nan. Dole ya san inda zai tura ƙwallo kafin ta iso ƙafarsa. Wannan sani ba ya samuwa sai da yawan buga wasa na gaske, wanda kuskure a cikinsa ke da farashi.

Na biyu shi ne jiki. Gasar matasa ta duniya wasa bakwai ce a cikin mako uku zuwa huɗu ga wanda ya kai ƙarshe, bisa tsarin da aka daɗe ana bi kafin 2025. Gasar Firimiyar Najeriya kuwa ƙungiyoyi 20 ne, kowacce da wasa 38 a cikin watanni masu yawa. Jikin ɗan shekara 18 bai gama ginuwa ba, shi ya sa ake yawan ganin sabon yaro ya fara da zafi, sannan ya yi sanyi ko ya ji rauni a zagaye na biyu.

Na uku shi ne abokan hamayya suna karantar sa. A wasannin farko babu wanda ya san ko da hagu yake yanka ko da dama. Bayan an ga bidiyonsa, masu tsaron baya za su toshe masa hanyar da ya saba bi. Yaron da ke da dabara ɗaya tak a nan yake tsayawa. Wannan ne dalilin da ya sa masu horarwa da dama ke ɗaukar kaka ta biyu a matsayin jarrabawar gaskiya.

Akwai kuma batun shekaru, wanda ya daɗe yana damun ƙwallon matasa a Afirka da wasu sassan duniya. Tun daga gasar 2009 hukumar FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekarun 'yan ƙasa da 17. Dalilin a fili yake: wanda ya girmi abokan karawarsa da shekara biyu ko uku zai yi fice a cikinsu, amma ficen zai ɓace ranar da ya shiga cikin manya, domin ba shi da sauran girman da ake sa ran zai ƙara.

Gurbin da ya fi wuya ga sabon shiga

Ba duk gurabe ne ke da nauyi ɗaya ba. Ɗan wasan gefe ko na gaba zai iya zubar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Ana iya sako shi a minti ashirin na ƙarshe, lokacin da masu tsaron baya suka gaji, ya koyi aiki a hankali. Mai tsaron gida da ɗan wasan tsakiya mai rarraba ƙwallo ba su da wannan rangwame. Aikinsu ya haɗa da karanta fili, da ba da umarni ga waɗanda suka girme su, da ɗaukar alhakin abin da ya biyo baya.

Tarihin ragar Super Eagles ya isa misali. Vincent Enyeama yana ɗan shekara 19 aka tsayar da shi a gaban Ingila a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2002, aka tashi babu ci. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya: bai yi gaggawar fita waje ba. Ya ci gaba da tsare ragar Enyimba, ya ɗauki kofin zakarun Afirka da ita a 2003 da 2004, sai a 2005 ya tafi Isra'ila, daga can ya wuce Lille. Ya yi wa Najeriya wasa 101.

Francis Uzoho shi ma yana ɗan shekara 19 ya tsare ragar Najeriya a dukkan wasanni uku na Gasar Cin Kofin Duniya ta 2018, bayan da rashin lafiya ta raba Carl Ikeme da fili. Amma shi a lokacin 'yan wasanni ƙalilan ya buga wa babbar tawagar Deportivo La Coruña ta Sifaniya. An ɗora masa nauyin ƙasa kafin ya tara wasannin ƙungiya. A ranar 29 ga Maris, 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, ƙwallon da Thomas Partey na Ghana ya buga daga nesa ta suɓuce masa, aka tashi ɗaya da ɗaya, Najeriya ta rasa gurbin zuwa Ƙatar, 'yan kallo suka afka cikin fili. Wata biyu kafin nan, Maduka Okoye, yana ɗan shekara 22, ya sha zagi da barazana a kafafen sada zumunta bayan ƙwallon da Tunisiya ta ci shi a Garwa, wadda ta fitar da Najeriya daga Gasar Cin Kofin Afirka.

Sai ga Stanley Nwabali. Ya yi shekaru yana tsare raga a gasar cikin gida, a ƙungiyoyi irin su Enyimba da Lobi Stars da Katsina United, kafin ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022. Yana da shekara 27 aka ba shi ragar ƙasa a Gasar Cin Kofin Afirka da aka buga a Kodebuwa a farkon 2024. A wasan kusa da na ƙarshe ya tare bugun fenariti biyu na Afirka ta Kudu, Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Ga mafi yawan 'yan kallo sabon fuska ne, amma ya riga ya yi kurakuransa na ƙuruciya a filayen da kyamara ba ta cika zuwa ba.

A tsakiyar fili ma haka abin yake. Rabi'u Ibrahim, ɗan Kano da ya yi fice a tawagar matasa ta 2007 har ana kwatanta shi da Jay-Jay Okocha, ya ratsa Sporting ta Fotugal da PSV ta Holan da Celtic ta Sukotlan ba tare da an damƙa masa ragamar wasa ba, sai a ƙasar Sulobakiya ya samu natsuwa. John Mikel Obi, wanda ya zo na biyu bayan Lionel Messi a jerin gwarazan gasar 'yan ƙasa da 20 ta 2005 yana mai shirya hari, da ya isa Chelsea a 2006 sai aka mayar da shi mai tare tsakiya. Manyan ƙungiyoyi ba su cika miƙa wa sabon yaro linzamin wasansu ba.

Darasi daga ƙwallon Amurka

Babu inda aka fi nazarin wannan matsala kamar a ƙwallon Amurka, wasan da ya yi kama da zari-ruga, wanda babbar gasarsa ita ce NFL. A can akwai gurbi guda da ake kira kwatabak. Shi ne ke karɓar umarnin koci, ya sanar da abokan wasansa, ya dubi yadda abokan hamayya suka jeru, ya sauya shiri idan ya ga dama, sannan ya jefa ƙwallo a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ƙarti su danne shi. Kusan kowane hari ta hannunsa yake bi. Idan aka haɗa nauyin mai tsaron gida da na mai rarraba ƙwallo a kan mutum ɗaya, an kusa kwatanta aikinsa.

Tsarin ɗaukar sababbin 'yan wasa a wannan gasa ya ƙara wa abin wuya. Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na zaɓen matasan da suka fito daga jami'o'i bi da bi, kuma ƙungiyar da ta fi kowa rashin nasara a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓe. Ma'ana, yaron da ya fi kowa baiwa yakan faɗa ƙungiyar da ta fi kowa rauni.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. Peyton Manning, wanda Indianapolis Colts ta zaɓa na farko a 1998, ya jefa ƙwallo 28 a hannun abokan hamayya a kakarsa ta farko, ƙungiyar ta ci wasa uku ta sha kashi a 13. A kaka ta biyu lissafin ya juye, ta ci 13 ta rasa uku, shi kuma daga baya ya lashe kyautar gwarzon gasar sau biyar. Troy Aikman na Dallas Cowboys ya fara wasa 11 a 1989 bai ci ko ɗaya ba, amma ya ƙare da kofin Super Bowl uku. David Carr kuwa, wanda sabuwar ƙungiyar Houston Texans ta zaɓa na farko a 2002, an kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kakar farko saboda raunin masu ba shi kariya, kuma bai taɓa kai matsayin da aka yi masa hasashe ba. Robert Griffin na Washington ya zama gwarzon sababbin masu kai hari a 2012, ya ji rauni a gwiwa a ƙarshen kakar, bai sake komawa yadda yake ba.

A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda aka bari suka koya daga benci. Aaron Rodgers ya yi kaka uku, daga 2005 zuwa 2007, yana kallon Brett Favre a Green Bay Packers. Patrick Mahomes ya buga wasa ɗaya kacal a 2017 a Kansas City Chiefs, a shekarar da ta biyo baya ya zama gwarzon gasar. Tom Brady, wanda ya ɗauki kofin Super Bowl sau bakwai, shi ne na 199 a zaɓen shekarar 2000, kuma kusan bai taɓa ƙwallo ba a kakarsa ta farko. Akan samu wanda ya haskaka nan take, kamar Jayden Daniels da ya kai Washington wasan kusa da na ƙarshe a kakar 2024, amma har zuwa wannan kaka babu sabon kwatabak da ya fara wasan Super Bowl a shekararsa ta farko.

Duk da wannan tarihi, ƙungiyoyin na ƙara gaggawar sako sababbi, kuma dalilin kuɗi ne. Tun daga yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka ƙayyade albashin sababbin shiga, don haka shekarun farko na kwantiragin yaro su ne mafi arha ga ƙungiya, kowa na son ya ci moriyarsu. Irin wannan lissafi, da wata fuskar, shi ke tura yaran Najeriya waje kafin su nuna: mai makarantar ƙwallo da dillali sun fi samun riba idan aka sayar da yaro da wuri.

Ƙungiyar da yaro ya faɗa

Idan aka tattara misalan gida da na waje, abu ɗaya ke ta maimaituwa, wato yawan mintunan da yaro ya buga da irin kariyar da aka ba shi. Kelechi Iheanacho, gwarzon gasar matasa ta 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya ci wa Manchester City ƙwallo 14 a duk gasanni a kakar 2015/2016. Mafi yawan wasanninsa na gasar Firimiya daga benci ya shigo, a ƙungiyar da ke da Sergio Agüero da David Silva. Ba shi aka ɗora wa nauyi ba, don haka ya samu sararin nuna abin da ya iya.

Abokin tawagarsa na 2013, Taiwo Awoniyi, ya sa hannu a Liverpool a 2015, amma rashin takardar izinin aiki a Ingila ya hana shi buga mata wasan gasa ko ɗaya. Ya yi shekara shida yana yawon aro a Jamus da Holan da Beljiyam. Sai da Union Berlin ta saye shi dungurungum a 2021 ya ci ƙwallo 15 a gasar Bundesliga, Nottingham Forest ta ɗauke shi a 2022.

Umar Sadiq, ɗan Kaduna, ya ci wa Roma ƙwallo biyu a wasanninsa na farko a ƙarshen 2015 da farkon 2016, ya kuma ci ƙwallo huɗu a wasannin Olamfik na Rio inda Najeriya ta samu tagulla. Bayan haka sai aro ya biyo aro: Bologna, Torino, NAC Breda, Rangers ta Sukotlan, Perugia. A mafi yawansu bai daɗe ba balle ya saba da koci ko abokan wasa. Da ya samu wurin zama a Partizan ta Sabiya a 2019, sannan Almería ta Sifaniya, sai ƙwallaye suka dawo. Ɗan wasan bai sauya ba. Abin da ya samu shi ne kaka cikakkiya a wuri ɗaya.

Har gogaggen ɗan wasa yakan koma sabon shiga idan ya sauya gasa. Ahmed Musa ya isa Leicester City a 2016 yana da kofunan Rasha da ƙwallo biyu a ragar Ajantina a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014, amma ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiyar Ingila a kakarsa ta farko. Da ya koma CSKA aro a farkon 2018 ya rinƙa buga wasa, sai ga shi ya ci Aisilan ƙwallo biyu a gasar duniya ta wannan shekara.

Halin da ake ciki a gasar cikin gida

Sabon ɗan wasa a gasar Firimiyar Najeriya na fuskantar ƙarin matsalolin da takwaransa na Turai bai sani ba. Tafiya daga Maiduguri ko Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo sau da yawa a mota ake yin ta, kwana ɗaya ko biyu a hanya. Wasu filayen ba su da kyau, cin wasa a waje abu ne mai wuya, jinkirin biyan albashi kuma tsohuwar matsala ce a ƙungiyoyi da dama. Yawancin ƙungiyoyin mallakar gwamnatocin jihohi ne, kuma kocin da ya san wasa uku ko huɗu marasa kyau na iya raba shi da aikinsa ba zai so ya gwada ɗan shekara 18 a raga ko a tsakiya ba. Zai gwammace tsohon hannu.

Tsohon hannun ma yana da amfaninsa. Kasancewar mutum irin Rabi'u Ali, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana jagorantar Kano Pillars, na nufin yaron da ke gefensa yana da wanda zai kwaikwaya, da wanda zai ɗauke masa zafin 'yan kallo. Matsalar tana tasowa ne idan babu tsarin da zai sa yaron ya karɓi aikin a hankali. Nasarar Remo Stars, wadda ta ɗauki kofin gasar a 2025 kuma take da makarantar renon matasa a Ikenne, ta nuna cewa ana iya gina irin wannan tsari a cikin gida.

Ga yaron da ke tasowa a filin makaranta a Yangoji, ko a Gwagwalada da Abaji da Kuje, matakan a jere suke: gasannin da hukumar ƙwallon Babban Birnin Tarayya ke shiryawa, sai gasar NLO, sai NNL, sannan Firimiya. Kowane mataki makaranta ne. Tsallake su gaba ɗaya don neman gwaji a Turai yakan bar yaro da suna a takarda ba tare da wasanni a ƙafa ba.

Abin da iyaye da ƙungiyoyi ya kamata su sani

Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika shekara 18, sai a wasu 'yan yanayi da aka keɓe. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo. Duk wanda ya zo wa iyaye da alkawarin kwantiragi a Turai ga ɗan shekara 15 ko 16, ya kuma nemi su biya kuɗin biza da jirgi, ya cancanci a bincike shi sosai. Tun 2023 FIFA ta dawo da tsarin jarrabawa da lasisi ga wakilan 'yan wasa, don haka tambayar lasisi haƙƙin iyaye ne.

Haka kuma dokar ta tanadi diyyar horarwa ga ƙungiyoyin da suka reni yaro tsakanin shekara 12 zuwa 21, da kuma kashi biyar cikin ɗari na kuɗin sayar da shi zuwa wata ƙasa, wanda ake raba wa waɗanda suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗi ba ya zuwa sai idan an yi wa yaron rajista da sunansa da shekarunsa na gaskiya. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ta yi sakaci da rajista ta zubar da haƙƙinta, wanda ya rage shekaru kuma ya ɓata lissafin da za a auna ci gabansa da shi.

Wajen zaɓen ƙungiya, tambayar da ta fi girman suna muhimmanci ita ce ko yaron zai buga wasa. Wa ke riƙe da gurbinsa a yanzu? Shin ƙungiyar ta saba ba matasa dama? Idan Ingila ce, zai samu izinin aiki? Charleroi ta yi wa Osimhen abin da Wolfsburg ba ta yi masa ba, VVV-Venlo kuma ta share wa Musa hanyar Mosko.

Ga masu horarwa da 'yan kallo, akwai ma'aunan da suka fi yawan ƙwallaye faɗin gaskiya a kakar farko. A duba ko yaron na maimaita kuskure ɗaya ko yana gyarawa, ko wasansa na zagaye na biyu ya fi na farko, da yadda yake tashi bayan ranar da ta yi masa muni. Ga mai tsaron gida da mai rarraba ƙwallo, a ba su kaka biyu ko uku kafin a yanke hukunci, domin aikinsu na ƙwaƙwalwa ne kafin na ƙafa.

Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, fiye da kowace ƙasa, amma babbar tawagarta ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar manya ba. Wani ɓangare na wannan giɓi yana cikin shekaru uku ko huɗu da ke tsakanin ficen yaro a gasar matasa da samun gurbinsa na dindindin a ƙungiyar ƙwararru. A waɗannan shekaru ne ake asarar yara da dama, kuma a nan ne haƙurin ƙungiya da shawarar iyaye suka fi tasiri.